Shirun Falon Baba

Da Auta ta san haka aikin nan zai kasance, wallahi da ta je bakin kogi ta ɗauki fim ɗin kadoji, ko na masu fasa dutse, ko na kowa ma dai a duniyar nan ban da mahaifinta. Sana'arta ke nan, fim na gaskiya, irin wanda ba a rubuta wa mutum abin da zai faɗa: a kafa kyamara, a yi tambaya, a jira. Ta yi da 'yan dako, ta yi da ma'aikatan jinya, ta yi da wani tsohon direban jirgin ƙasa da ya rantse ba zai ce mata uffan ba, daga baya sai da ta roƙe shi ya tsagaita ya sha ruwa. Amma Baba ya gagare ta.

Ba wai ba ya magana ba ne. Ina ma a ce haka ne. Baba a zamaninsa ɗan tseren dogon zango ne, wanda har gobe in ya shiga wurin aski tsofaffi ke miƙewa suna kiransa Kibiya. Kofunansa sun cika kabad ɗin gilashin falo har sun kori farantan Umma zuwa saman firij, kuma kowane kofi da tarihinsa: wanda ya zo na biyu, irin iskar da aka yi ranar, da yadda alƙali ya so ya cuce shi Allah bai nufa ba. Matsalar ita ce da zarar jar fitilar kyamara ta kunnu, sai Baba ya daina zama Baba. Ya gyara wuyan riga, ya ɗaga haɓa, ya ɗauko muryar da yake amsa tambayoyin 'yan rediyo da ita tun Auta ba ta zo duniya ba. Ya gode wa Allah, ya gode wa hukumar wasanni, ya gode wa kocinsa da ya daɗe a ƙasa, sannan ya yi kira ga matasa da su rungumi motsa jiki. Ko abin da ya karya da shi da safe aka tambaye shi, sai ya ƙare da kira ga matasa.

A wurin waɗanda suka ba ta aikin, fim ne a kan tsohon zakara da iyalinsa. A ranta kuwa abu ɗaya take nema, kuma kowa a gidan ya san shi, shi ya sa kowa ke yi kamar bai sani ba. Yaya, babban wanta, shi Baba ya ɗauko tun yana firamare ya ce shi zai gaje shi. Kullum da asuba suna kan titi, usur a bakin Baba, agogon awon gudu a hannunsa. Yaron ya yi gudu kuwa, har an fara cewa zai fi uban. Yana ajin ƙarshe a sakandare, ana gab da wata babbar gasa, gwiwarsa ta hagu ta kumbura. Baba ya duba, ya latsa, ya ce ba komai, jiki ne ke shagwaɓa. Ya naɗe masa ita da bandeji ya tura shi layi. A zagayen ƙarshe ciccibo shi aka yi daga fili, kuma tun daga ranar yake ɗingishi.

Tun daga ranar kuma, tsakaninsa da Baba sai ina kwana, lafiya lau, ya iyali, madalla. Ba faɗa, ba gaba, ko ɗaga murya babu. Duk ƙarshen mako Yaya zai zo da yaransa, ya rusuna iya abin da gwiwar ta bari, ya gaishe da Baba daga bakin ƙofar falo, ya wuce kicin wurin Umma, can zai zauna har ya tafi. Yanzu ga shi ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, zai kwashi iyalinsa ya tafi, irin tafiyar da ba a sa wa ranar dawowa. Baba kuma ba yaro ba ne, maganinsa na safe kaɗai ya cika tafin hannu. Auta so take mutanen nan biyu su yi maganar gwiwar nan, ko sau ɗaya ne, kafin jirgi ya tashi. Ta ce wa kanta ai kyamara tana sa mutum ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, ta sha gani da idonta.

Ranar farko Baba ya fito daga ɗaki cikin tsofaffin kayan gudunsa, waɗanda Umma ta ɗauka ta daɗe da rabuwa da su. Rigar ta tsaya a saman cibiya, zif ɗinta ya ƙi hawa ya ƙi sauka. Auta ta ce kayan gida take so, yadda yake kullum. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san talabijin ba. Da ƙyar suka daidaita a kan zai sa rigar gida amma da lambar yabo a wuya. Ya shiga ya fito da duk abin da wuyansa zai iya ɗauka. Duk motsin da ya yi sai lambobin su bugi ɗan makirufon da ta maƙala masa a ƙirji, ita kuma ga hedifon a kunnenta, ƙarar tana shiga mata har tsakar ka.

Su biyu ne ke aikin. Dogo ke riƙe da kyamara, ita ke tambaya, ita kuma ke sauraron sauti. Dogon nan sun daɗe tare, bai taɓa tsoma baki a hira ba, mutum ne da in ba a yi hankali ba sai a manta shi a ɗaki a kulle. Amma a falon Baba, kafin a yi nisa, sai ga shi ya leƙo daga bayan kyamara baki a buɗe yana tambayar to daga nan sai aka yi yaya. Shi ke nan, Baba ya samu ɗan kallo. Ya daina ko duban inda Auta take, ya koma yana nuna wa Dogo yadda ake shan kwana da gwiwar hannu.

A daidai lokacin da ta samu ta karkato hirar zuwa gida, injin markaɗen Umma ya tashi a kicin. Ta je ta roƙa. Umma ta ce to, in fim ɗin za su ci da rana ai shi ke nan. Aka kashe inji, sai aka ɗauke wuta, maƙwabci ya tayar da janareta. Aka rufe tagogi, Baba ya fara zufa, ya ce shi ba zai fito a idon duniya yana naso ba. Da yamma ta zauna ta saurari abin da suka ɗauka: godiya, godiya, kira ga matasa, da ƙarar ƙarfe.

Sai ta ce bari ta kai shi tsohon filin tseren, ko wurin zai buɗe masa baki. Ya buɗe kuwa. Kafin Dogo ya gama kafa ƙafar kyamara, Baba ya tare wasu 'yan mata masu atisaye ya ce musu gudun agwagi suke yi. Ya nuna musu yadda ake ɗaga ƙafa, ya ja kocinsu gefe ya wanke shi tas, bawan Allah yana ta ranka ya daɗe bai san laifin da ya yi ba. Daga nan ya ce zai zagaya filin a ɗauka, don na baya su gani. Ya yi rabin zagaye, ya tsaya ya dafe ƙugu, ya ce takalmin ne.

Da ya zauna a benci yana haki, Auta ta yi zaton gajiya ta sauke masa muryar rediyon. Ta yi wa Dogo alama, ta tambaye shi a hankali ko ya so a ce wani a cikin 'ya'yansa ya gaje shi. Baba ya haɗiye hakin, ya dubi kyamara, ya yi murmushin jarida.

"Allah ya ba ni masu ɗaukar hoto biyu," in ji shi. "Ɗaya tana ɗaukar fuska, ɗaya yana ɗaukar ƙashi a asibiti. Mai gudu dai ban samu ba."

Dogo ya yi dariya har hoton ya girgiza. Auta ta ji kamar ta cire hedifon ɗin ta jefe su su biyun. Bai samu ba? Ya samu mana, a nan filin ma, ga layin can ana gani daga inda suke zaune.

Sun kwashe kaya sun zuba a but ɗin mota, tana tuƙi suna fita ta ƙaramar ƙofar baya, sai Baba ya dubi wata bishiya a bakin titi. Kamar da kansa yake magana, ya ce a nan suka zauna jiran mota ranar. Ya ce gwiwar ta yi kamar kan jariri, kuma yaron bai yi kuka ba, bai kuma dube shi ba har suka isa asibiti. Muryar Baba ce ta gida, wadda yake tambayar ina aka ajiye masa tabarau da ita. Auta ta taka birki a tsakiyar titi, na baya suna ta danna hon, ta ce Dogo ya yi maza ya ɗauko kyamara. Kafin Dogo ya buɗe but ya dawo, Baba ya gyara wuyan riga. Ta ce don Allah ya maimaita abin da ya faɗa yanzun nan. Ya ce a harkar wasa rauni ƙaddara ne, kuma yana kira ga hukumomi da su ajiye motar asibiti a kowane fili.

Ta ja mota suka nufi gida. Haushinsa take ji kamar ta fashe, kuma tana jin haushin kanta da ta taka birkin.

Umma ta yarda da hira bisa sharaɗin ba za ta bar aikinta ba, don haka aka ɗauke ta a ɗaki tana ninke wanki a kan gado. Ita murya ɗaya gare ta, da kyamara da babu, kuma tana da kaifi. Ta ce ita dai an ce mata miji za ta aura, ta zo ta tarar da dokoki: a kwanta da wuri, a tashi da asuba, kada mai ya yi yawa a girki, kada a yi baƙi ana gobe gasa. Ta ce haihuwar Yaya yana wani gari yana gudu, haihuwar Auta kuma ya bar gudun amma yana fili yana hura usur. Kofunan nan kuwa, ta ce, babu wanda ya kai ta saninsu, tunda shi sau ɗai-ɗai ya ɗaga su, ita ke goge su har yau. Auta tana ta murna a ranta, ga fim ya fara fitowa. Sai ta kawo maganar gwiwa. Umma ta ajiye rigar da ke hannunta ta ce a kashe abin nan.

"Ke a ganinki ban gwada ba?" in ji ta. "Na yi kuka, na yi fushi, har ciwon ƙarya na kwanta don su haɗu a bakin gadona. Suka haɗu, suka yi ta hirar zafin gari a kaina. In ke da na'urarki za ki iya, bismillah. Amma in kika kwance abin da ba ki iya ɗaurewa ba, ki tuna ni za ku bari da shi a gidan nan."

Yaya ya fi su duka wuyar kamu, don shi da dariya yake zillewa. Ta same shi a asibiti, a ɗan ofishinsa mai sanyin na'ura, hotunan ƙasusuwan mutane a jere a jikin allo mai haske. Yana ganinta ya miƙe ya ce a ba darakta kujera, autar Baba an girma. Ya ce a ɗauke shi ta dama, nan ne ya fi kyau. Ya tambayi Dogo ko in an nuno shi yana ɗingishi a baranda za a sa kiɗa mai ban tausayi a ƙasa, don shi yana da wanda yake so. Da ta matsa masa, ya ce abu ya wuce, shi ya gode wa Allah, da ya zama ɗan tsere da yanzu yana wurin aski yana ba da labari. Ta ce in ya wuce, me ya sa ba ya zama a falo? Ya ce kicin ya fi kusa da tukunya. Ta ce to ranar da babban ɗansa ya ci tseren makaranta, me ya sa ya ce kada kowa ya gaya wa Baba? Nan Yaya ya ɗauki wani hoto ya ɗaga shi ga haske, ya yi ta dubawa kamar mai shi yana bakin ƙofa yana jira.

Ta ce ya zo su zauna da Baba, ba don fim ba, don ita. Ya ce ƙarya take, don fim ne. Ta ce to, duka biyun. Ya yarda zai zo ana gobe tafiyarsa, in ta yi alkawarin ba za ta riƙe shi ba, don akwai akwatunan da ba a ɗaure ba.

Ranar ta shirya kamar mai jiran sufeto. Ta roƙi maƙwabci ya yi haƙuri da janaretansa, ta kashe firij, ta cire batirin agogon bango, ta ba yaran Yaya wayarta ta tura su can bayan gida. Lambobin yabon kuwa tun jiya ta ɓoye su a ƙarƙashin katifarta, Baba ya gama neman duniya ya haƙura. Ta nuna musu doguwar kujera. Baba ya zauna a wannan ƙarshen, Yaya a wancan, tsakaninsu filin da mutum biyu za su zauna su sake. Dogo ya ce ba sa shiga hoto ɗaya. Suka riƙa matsowa kaɗan-kaɗan kamar kujerar tana da zafi, har sai da ta ce ya isa haka, ta maƙala wa kowa makirufonsa.

Ta fara da mai sauƙi, ta tambaye su fitar asuba. Baba ya ce horo shi ne ginshiƙin nasara. Yaya ya ce shi abin da ya fi tunawa shi ne karen gidan da ke kan kwanar titi, wanda ya fi kowane koci iya ƙara wa mutum sauri. Baba ya yi dariya, Yaya ya yi dariya, Dogo ma ya taya su. Haka aka yi ta yi. Ta jefa tambaya, wannan ya ba wancan hanya, wancan ya ba wannan, cikin ladabi kamar baƙi biyu a bakin ƙofa. Tun da take ba ta taɓa ganin sun haɗa kai a kan wani abu ba sai yau, kuma a kanta suka haɗa.

Sai ta ajiye takardar tambayoyin a ƙasa.

"Baba, ranar da gwiwar Yaya ta kumbura, ka gani da idonka. Me ya sa ka bar shi ya yi gudun?"

Baba ya ɗaga haɓa. Ya ce a wancan zamanin babu kayan gwaji irin na yanzu, kuma ɗan wasa na gaskiya mutum ne mai sadaukarwa, shi ya sa yake jan hankalin iyaye da masu horarwa. Ta juya ga Yaya tun Baba bai kai aya ba. Yaya ya ce shi dai ba shi da ƙorafi, don ba don gwiwar nan ba da bai samu wurin ajiye mota a bakin ƙofar asibiti ba.

Nan fa haƙurin Auta ya ƙare. Ta ce Dogo ya kashe. Ta miƙe tsaye ta ce ta gaji, wallahi ta gaji. Ta ce ta bar aikin da ake jiranta da shi ta zo tana bin su kamar mai roƙo, ɗaya ya ɓuya a bayan hukumar wasanni, ɗaya a bayan barkwanci, jirgi ɗaya ya kwaso su. Ta ce gobe a tafi lafiya, Allah ya kiyaye hanya, ranar da aka kira Yaya a waya aka ce Baba ya kwanta sai ya yi wa wayar barkwanci. Tana faɗa ta ji nauyin maganar, amma ta riga ta fita. Baba ya ce ba a yi wa uba magana haka a gaban baƙo. Baƙon kuwa, Dogo, ya duƙufa yana goge murfin kyamara kamar yau ya fara ganinsa.

Ta fara naɗe wayar lantarki, sai ta tuna saura abu ɗaya. A aikinsu, duk inda aka yi hira, kafin kowa ya tashi sai an ɗauki shirun wurin. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake like wuraren da aka yanke magana in an zo tace fim, in babu shi sai sauti ya riƙa tsalle a kunnen mai kallo. Dole kuma mutanen su zauna a inda suke, don ɗaki da mutane da ɗaki babu kowa ba shiru ɗaya suke yi ba. Minti ɗaya ne kacal, amma ko tari wani ya yi sai an koma farko. Auta ba ta wasa da wannan mintin. A kansa ta taɓa daka wa wani babban darakta tsawa a ofishinsa, a gaban ma'aikatansa.

Ta ce kowa ya zauna yadda yake, kada a motsa, kada a yi magana, daga wannan kowa ya kama gabansa. Kyamara a kashe take, murfinta a rufe. Ta danna na'urar sauti, ta sunkuyar da kai ta rufe ido yadda ta saba, ta zama kunne zalla.

Ta ji numfashin Baba, mai nauyi, da ɗan fito a ƙarshensa. Ta ji na Yaya. Can nesa wata mota ta wuce ta ɓace. Shirun yana tafiya daidai. Sai ta ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Kujerar ta yi ƙasa da yawa, Yaya ya daɗe da ƙafa a lanƙwashe, ya ɗan miƙe ta. Auta ta ciji leɓe, ta ce a ranta wannan za ta iya yankewa. Sai wata murya ta shigo ƙasa-ƙasa.

"Har yanzu tana yi maka?"

"Kullum," in ji Yaya. "Ranar ma ai na gaya maka, Baba. Na ce maka..."

"Don Allah a yi shiru!"

Bakinta ne. Maganar ta fita tun kafin ta sani, idonta a rufe, hannunta a sama, da muryar da take tsawata wa masu tari. Suka yi shiru kuwa.

Ta buɗe ido. Baba, wanda tunda aka fara aikin nan bai taɓa bin umarninta ko ɗaya ba, ya kama bakinsa, ya ɗora hannuwa a cinya kamar ɗan makaranta. Yaya yana kallon kabad ɗin kofuna. Sai a lokacin kunnenta ya isar wa kanta abin da ya ji. Ta buɗe baki za ta ce su ci gaba, ta rufe, don ta san abin da ke faruwa in aka ce wa Baba ya ci gaba. Na'urar tana ta ɗauka. Ba tari, ba motsi, ba ƙarar komai. Tunda take aikin nan ba ta taɓa samun shiru mai tsabta irin wannan ba, kuma ji take kamar ta kwanta a ƙasa ta yi ta birgima.

"Ya yi?" in ji Baba.

Yaya ya duba agogonsa, ya dafa hannun kujera zai tashi.

"Bai yi ba," in ji Auta. "An ɓata shi. Sai an sake."

Ta je ta cire makirufon ƙirjin Baba, ta cire na Yaya. Baba ya tambaya yaya za a ɗauka babu su. Ta ce wannan karon haka ake yi, sabuwar hanya ce, shi bai san talabijin ɗin yanzu ba. Yaya ya ɗago ya dube ta. Ya gane sarai, ita ma ta san ya gane, kuma babu abin da zai hana shi miƙewa ya ce akwatuna na jira. Ba ta yarda sun haɗa ido ba. Ta ce kada wanda ya tashi sai ta dawo, ta rungumi na'urarta, ta tura Dogo da kyamararsa waje, ta jawo ƙofa.

A baranda suka tsaya. Umma ta zagayo daga baya da jiƙaƙƙen hannu tana tambayar an gama ne, ta zuba abinci? Auta ta girgiza kai, ta nuna mata ƙofar. Umma ta dubi ƙofar, ta dubi makirufo biyu a hannun 'yarta, ba ta ƙara tambaya ba.

Shiru. Auta ta tsaya tana zagin kanta a zuci, zagi mai kyau. Shekara da shekaru ana jiran magana, ta fito da ƙafarta, ita da ta tara mutane don ita ta sa hannu ta mayar da ita. Wace irin sakara ce? Dogo ya matso ya raɗa mata cewa labulen tagar gefe bai rufe duka ba, zai iya kafa kyamara a wurin ba wanda zai sani. Ya ce in wani abu ya faru a ciki, shi ne ƙarshen fim ɗin, in babu shi kuwa abin da suke da shi tsoho ne yana kira ga matasa. Gaskiya ya faɗa, ta sani, kuma ta yi mata zafi. Ta ce in ya taɓa kyamarar nan yau sai dai ya nemi wata darakta.

Har yanzu shiru. Aka ji kujera ta yi ƙara. Auta ta ce shi ke nan, ya tashi, yanzu zai buɗe ƙofa ya yi mata wani barkwancin ya kira yaransa. Ta ƙura wa mariƙin ƙofar ido tana jiran ya juya.

Sai muryar Yaya ta fasa katakon ta fito.

"Na ce maka tana ciwo! Na gaya maka, ka ce in daina shagwaɓa!"

Umma ta zabura za ta shiga. Auta ta saki makirufo biyun suka faɗi ƙasa, ta riƙe mata hannu gam. A ciki Yaya yana ta yi, muryarsa tana hawa tana karyewa, maganganun suna hawa kan juna har ba a rarrabe su.

"Faɗa fa suke yi," in ji Umma.

"Na ji. Bar su, Umma."

Umma ta ja da baya ta zauna a kan akwatin kyamara ta rufe fuska da jiƙaƙƙen hannunta. Ta ce rabon da ta ji yaron nan ya ɗaga murya a gidan nan tun yana da ƙafa biyu masu kyau.

Can Yaya ya yi shiru. Auta ta matsa jikin ƙofar, hawaye na shiga mata baki, ta kasa kunne iya ƙarfinta ko za ta ji amsar Baba. Ba ta ji kalma ko ɗaya ba. Abin da ta iya ji kawai shi ne yana magana, a hankali, yana tsayawa yana ci gaba, kuma Yaya bai fito ba.